Wa Zai Rubuta Arewar Dogon Dutsi?

Duk mai son sanin tarihin Arewar Nijar, wato ƙasar Arawa da ta miƙe a kwarin Dallol Mawri tun daga Dogon Kirya har Tibiri, littattafan da za a fara miƙa masa ba ƴan ƙasar ne suka rubuta su ba. Bafaranshe Marc-Henri Piault ya fitar da Histoire Mawri a 1970, kuma har gobe shi ake buɗewa in ana son ganin yadda sarautar Matankari ta kafu, da yadda ta zauna da masu ƙasa na Lugu da Bagaji. Adeline Masquelier, malama a Jami'ar Tulane ta Amurka, ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980. Daga abin da ta gani ta kuma ji, ta rubuta littafi kan bori a 2001, wani kan mata da wa'azi a 2009, na uku kuma a 2019 kan fadar samari, inda ake dafa shayi ana jiran aiki. Hatta Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, duniya ta san ta ne ta alƙalamin Abdoulaye Mamani, mutumin gabashin ƙasa, a littafinsa na 1980, da kuma fim ɗin Med Hondo ɗan Muritaniya na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso.

Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu. Sun zo, sun zauna, sun sha ruwan rijiyoyinmu, sun yi tambaya da haƙuri, sun rubuta. Allah ya saka musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tsohon da ya ba su labarin bai taɓa jin abin da aka rubuta daga bakinsa ba, jikansa kuma da ya je jami'a bai ƙara ko layi ɗaya a kai ba. Ba a rasa ƴan ƙasa da suka yi bincike mai zurfi kan Arewa ba, amma in ka kwatanta yawansu da yawan ƴaƴanmu da suka ratsa jami'a, sai ka ji kunya ta kama ka.

Kowace shekara yaran Dutsi da Matankari da Dankasari da Kiyeshe da Sukukutan, da na Kore Mairuwa da Dumega da Gesheme, suna cin jarrabawar bak su hau mota. A da hanya ɗaya ce, kimanin kilomita 275 zuwa Yamai, inda jami'ar da aka fara a 1971 take, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992. Daga 2010 aka sami jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka kafa wasu huɗu, a Agadas da Difa da Tilaberi da Doso. Ta Doso ita ce tamu ta gida, kuma tun ranar farko fannin kwamfuta da sadarwar zamani aka ɗora mata. To duk waɗannan yara, me suke rubutawa a shekaru uku na lisans?

Suna rubuta abin da malam ya faɗa a anfi, in sun sami wurin zama kusa har suka ji. Suna sayen fotokofin darasi, ko su karɓi hotonsa a WhatsApp, su haddace. Ranar jarrabawa su mayar wa malam kayansa a takarda, ya ba su maki cikin ashirin. A ƙarshen zango wanda ya kai ga rubuta memwar ya rubuta, a tara alƙalai uku ko huɗu, ya kare aikinsa, dangi su zo da lemo a ɗauki hoto, a ɗaure kundin a sa a kabad. Daga nan sai ƙura da gara. A duk tsawon wannan tafiya mai karanta rubutun ɗalibi mutum ɗaya ne, kuma mutumin da ya riga ya san amsa. Yaro ya gane haka tun shekarar farko, don haka ba ya rubutu don ya fahimtar da kowa. Yana yi ne don kada a kama shi da kuskure.

Ra'ayina shi ne, malaman jami'o'inmu su mayar da rubutu gajere, na yau da kullum, wanda wasu mutane ban da malam za su karanta, ya zama wani ɓangare na darasi mai ɗauke da maki. Shafi ɗaya ko ɗaya da rabi, sau biyu a wata. Ɗalibi ya ɗauki abin da aka koya masa a aji ya gwada shi a kan wani abu na garinsu da ya sani ko zai iya zuwa ya gani. Abokan ajinsa su karanta su yi masa tambaya a rubuce, ya gyara, sannan a ajiye aikin wurin da kowa zai iya samu, da sunansa da kwanan wata. Waɗanda suka fi kyau a karanta su da Hausa a gidajen rediyon karkara, mutanen da aka yi magana a kansu su ji da kunnensu.

Gurbin wannan aiki ma yana nan a takarda. Tsarin LMD, wato lisans da mastar da dokta, da jami'o'inmu ke bi yana ƙidaya awoyin da ɗalibi ya yi aiki shi kaɗai a cikin nauyin kowane darasi, ba na zaman aji kawai ba. An rubuta awoyin, an ƙidaya su, amma a yawancin darussa babu mai ganin abin da aka yi da su. Rubutun da nake magana shi ne zai fito da su fili.

Bari in kawo misalai, don maganar ba ta tsaya a sama ba. Ɗalibin ilimin ƙasa an koya masa cewa Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, shi ya sa ruwa ke kusa a cikinsa, yana nisa a kan fako da tudu. Wannan jimla ce da zai haddace ya manta. Amma a ce masa ya je hutu ya auna igiyar guga a rijiyoyi biyar, daga tsakiyar kwari zuwa kan tudu, ya tambayi masu haƙar rijiya gaba nawa suke yi kafin su tarar da ruwa da irin ƙasar da suke ratsawa, ya rubuta. Zai dawo da lambobi nasa na kansa. Wata daga Gesheme ta karanta ta ce a wajensu ba haka abin yake ba, ta kawo nata. Sai aji ya tashi da tambayar da littafi bai amsa ba, malam kuma ya sami ƙofar shiga darasin da gaske. Bayan shekara biyar ana haka, sashen zai mallaki bayanin rijiyoyin Arewa da babu shi a ofishin kowa.

Ɗalibar aikin gona ga lambunan Dogon Dutsi a bakin Tapkin Sau, inda noman dankalin Turawa ya kafu da rani. Daga ina iri ke zuwa, wane wata ake shukawa, me ya sa farashi ke faɗuwa in kowa ya haƙe lokaci ɗaya, yaya ake ajiya in zafi ya shigo? Duk tambayoyin da ke cikin darasin tattalin arzikin noma suna nan a lambu guda. Ga ƙuduji a gonakin hatsi, ga tsutsar da ke cin zangarniya, ga gawo da manoma ke bari a gona don sun san abin da yake yi wa ƙasa tun kafin masana su auna. Ɗalibin shari'a an karantar da shi dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta tanada. Ya je ya ga yadda ake sasanta manomi da makiyayi in shanu suka bar burtali suka shiga gona: wa ake fara kai wa ƙara, mai gari ko kwamiti ko jandarma, kuma me ya sa? Tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ake yi, ita ce ilimin shari'a na gaske, kuma ba a ganinta daga anfi.

Wanda zai rubuta wa mutane dole ya yanke shawarar abin da yake son faɗa. Wannan shi ne babban amfanin aikin, kuma shi ne abin da haddar fotokofi ba ta koyarwa. A takardar jarrabawa yaro zai iya jera manyan kalmomin Faransanci ya ɓuya a bayansu, malam mai gyaran takardu ɗari uku ya ga kalmomin da yake nema ya wuce. A gaban abokan aji talatin babu maɓoya. Wani zai ce, «Wa ya gaya maka haka?» Wata ta ce, «Sakin layi na biyu ya saɓa wa na farko.» Ranar da ɗalibi ya fara jin tsoron waɗannan tambayoyi tun yana rubutu, ya fara neman hujja kafin a nema daga gare shi, ranar ya zama ɗan jami'a. Kuma tun da rubutun na nan a jere da kwanan wata, shi da kansa zai waiwaya ya ga inda ya taso. Malam ma zai gane wanda ya ɓace tun a wata na biyu, ba sai sakamako ya fito an liƙa a allo ba.

Akwai wata riba da na fi ba muhimmanci, ita ce ta ƴan mata. A aji mai ɗaruruwan mutane, yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya ba za ta ɗaga hannu ba, ko da ta fi kowa fahimta. A rubuce kuwa babu mai katse ta. Bayan haka akwai rabin ilimin ƙasar nan da namiji mai bincike ba ya kaiwa gare shi, don ba zai shiga cikin gida ya zauna a tabarma da matan aure ba. Yadda ungozoma ke aiki da lokacin da take cewa a tafi likita, yadda mata ke tafiyar da asusu da adashi, abin da ake ciyar da yaro in an yaye shi a watannin da rumbu ya yi ƙasa, dalilin da uwa ke yarda a cire ɗiyarta daga kwaleji: ɗalibar kiwon lafiya ko ta nazarin zaman jama'a za ta ji waɗannan daga bakin innarta da gwaggonta ba tare da tafinta ba. In ba mu sa ta rubuta ba, mun yi asarar abin da babu kuɗin da zai saya.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, ba ta tsare iliminta a zauren malamai ba. Ta tsara shi a waƙoƙi, ta horar da jajis, su kuma suka kai shi ƙauyuka ga ƴan taru, matan da ba za su iya zuwa Sakkwato ba. A Nijar ɗin nan, tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda ake zuwa ƙauye da rikoda a ɗauki muryar manoma kan wata matsala, a sa a iska, a taru a saurara a yi muhawara. A 1968 aka buɗe a Yamai cibiyar tattara tarihin baka wadda yau ake kira CELHTO, don a kama abin da ke bakin tsofaffi kafin ƙasa ta rufe su. A Faransa ma, wani malamin firamare mai suna Célestin Freinet ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i ajinsa a 1924, yara suna rubuta abin da suka gani a ƙauyensu, su buga, su aika wa yaran wata makaranta. Shi kansa Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta L'Éducation en Afrique a 1964, yana sukar makarantar da ke raba yaro da mutanensa da harshensa. Muna kiran sunansa kullum. Karanta shi da aiki da maganarsa ne muka bari.

A yau ma akwai masu yi. Cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai tana sakin rahotanninta kyauta ga duk mai so. Ƙungiyar RECA ta manoma tana fitar da gajerun takardun shawara, tana kuma amsa tambayoyin manoma ta waya da harsunan gida. Waɗannan sun nuna cewa rubutu mai hujja da rubutu mai sauƙin fahimta ba kishiyoyi ba ne. Jami'a ce ta rage a baya.

Sai maganar harshe. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi murna a wasu wurare, an yi ƙorafi a wasu, kuma masu ƙorafin suna da abin faɗa, don Nijar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Amma ko mai murna ya san doka ba ta rubuta littafi. Harshe yana zama na ilimi ne in an yi ta rubuta ilimi da shi, ana kuskure ana gyarawa, har kalmomi su zauna. Wa zai yi wannan aikin in ba ɗalibai da malamansu ba? Shawarata ita ce ɗalibi ya rubuta aikinsa da Faransanci kamar yadda darasi ya buƙata, sannan ya taƙaita shi cikin layi goma da harshen da mahaifiyarsa ke ji, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci. Duk malamin da ya gwada wannan zai ga abin mamaki: a taƙaitawar ne ake gane wanda ya fahimta. Yaron da ya kasa gaya wa babarsa abin da ya karanta, akwai sauran aiki a kansa.

Hausar kuma za ta buɗe wata ƙofa. Arawa ba su ƙare a kan iyaka ba. Tsallaken ta akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi, mai hedikwata a Kangiwa, dangi ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya. Ƴaƴansu na karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Aliero, da ta Birnin Kebbi. Namu na karatu da Faransanci, nasu da Ingilishi, ɗan wa da ɗan ƙane ba sa iya karanta memwar ɗin juna. Da Hausa kuwa ajin Doso zai iya musayar rubutu da ajin Sakkwato kan farashin wake, ko kan tarihin gida ɗaya da Turawa biyu suka raba.

Wani dalili ya taso a ƴan shekarun nan wanda ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Manhajoji irin su ChatGPT sun shigo wayar kowane ɗalibi. Ka ba yaro aikin gida kan ma'anar ci gaba mai ɗorewa, kafin shayi ya tafasa ya kawo maka shafi uku da Faransanci mai santsi, bai karanta ko ɗaya ba. Malamai na kuka, kuma da gaskiyarsu. Hana waya ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne a ba da aikin da na'ura ba ta da amsarsa. Ba ta san nawa aka sayar da tiyar hatsi a kasuwar Matankari makon jiya ba. Ba ta san abin da sarkin noman wani ƙauye a Dumega ya ce game da damina ba. In ɗalibi ya sa ta ƙirƙiro masa, ɗan garin da ke zaune kusa da shi a aji zai tona shi tun kafin malam ya gani. Aikin da aka ɗaure da wuri da rana da mutanen da za su iya cewa «ƙarya ne», shi ne ya fi wuyar sata.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Na farko, mutum ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai, ga shekarar karatu da ke hawa kan wata, ga haƙƙoƙi da ke makara, yaushe zai karanta ƙarin takardu? Ba sai ya karanta duka ba. A kasa aji rukuni-rukuni na mutum goma, kowa ya karanta na abokansa biyu ya rubuta musu tambaya, a ba da maki a kan tambayar ita ma. Ɗaliban mastar su kula da rukunonin, wannan ma horo ne gare su. Malam ya ɗauki kaɗan kowane mako ya tattauna su a gaban aji, a ƙarshen zango kuma kowa ya zaɓi biyu mafi kyau cikin nasa ya miƙa. Aiki zai ƙaru, ban musa ba, kuma ya kamata hukumar jami'a ta ƙidaya shi cikin awoyin malam. Amma wanda ya taɓa jan ɗalibin da bai taɓa rubuta shafi biyu na kansa ba har ya kai shi ƙarshen memwar, ya san wahalar da ake gudu tana jira a gaba, ninki biyu.

Na biyu, wuta da kuɗin intanet. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, garuruwa suka shiga duhu wata da watanni. Ko ba wannan, ɗalibin da ke lissafin kuɗin abincin dare ba za a ɗora masa sayen megabait kullum ba. Sai dai rubutu ba bidiyo ba ne. Shafi ɗaya na haruffa bai kai nauyin hoto guda da ake turawa a gaisuwar Juma'a ba. Ana iya rubutawa a littafi da biro a ƙauye, a buga a waya in an sami caji, a tura in an shigo gari. Inda hakan ma ya gagara, allon sanarwa na sashe da ƴar mujallar fotokofi sun isa a fara. A nan ne Jami'ar Doso ke da aikin da ya dace da ita: ɗalibanta na kwamfuta su gina ma'ajiya mara nauyi, mai buɗuwa a ƙaramar waya, inda rubutun zai zauna a tsare bisa gari da fanni da shekara. Zauren WhatsApp ba ya wannan aiki, don abin da aka tura da safe kafin dare ya nutse a ƙarƙashin saƙonni ɗari.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi, kuma a nan nake so malamai su tsaya da kyau. Rubutun da jama'a za su gani yana iya cutar da mai shi ko wanda aka rubuta a kansa. Yankinmu na bakin iyaka ne, kuma kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Babu malamin kirki da zai tura yaro ya rubuta inda sojoji suke ko wanda ake zargi da me. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsaurarawa a 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, ba ta san ɗalibi da ɗan jarida ba. Don haka matakai biyu ne: da farko aiki ya tsaya a cikin aji, ba ya fita waje sai malam ya karanta ya sa hannu, ɗalibin kuma ya yarda.

Sannan akwai amana. Wanda ya je Lugu ko Bagaji zai tarar da mutane masu abin da suke faɗa wa baƙo da abin da ba sa faɗa. Labarin dutsen Tunguma da shari'ar da ake yi a gabansa ba abin wasa ba ne wurin masu shi, ko da ɗalibin da ke tambaya yana ganin addininsa bai yarda da shi ba. Garuruwanmu sun ga yadda saɓani kan bori da wa'azi ya shiga tsakanin ƴan uwa. Dole a koya wa yaro ya yi sallama, ya faɗi ko shi ɗan wane ne da abin da zai yi da maganar, ya ce, «Baba, in rubuta wannan ko in bar shi?» In aka ce ya bari, ya bari. Ya sakaya sunan wanda bai so a ambace shi ba. Ya bayyana abin da ya gani ba tare da ya zagi kowa ko ya yi wa kowa wa'azi ba. Waɗannan ladubba su ne ake kira ƙa'idojin bincike a manyan jami'o'in duniya, kuma gara ya koye su a shafi ɗaya a shekarar farko da ya taka su a kundi mai shafi ɗari.

Wani zai ce rubutun ɗan shekarar farko ɗanye ne, fitar da shi zubar da mutuncin jami'a ne. Ɗanye ne, gaskiya. Shi ya sa ake rubuta ajin mai shi a kai, shi ya sa kuma ake barin ƙofar gyara a buɗe. In malamin makarantar firamare mai ritaya a Tibiri ya ji an karanta tarihin gidan sarautar Samna a rediyo da kuskure, ya kira ya gyara, jami'a ba ta faɗi ba. Ta sami malami na biyu kyauta, ɗalibin kuma ya koyi cewa bayan alƙalan memwar akwai wasu alƙalan da suka fi su sanin zancen.

Abin da ya rage yana hannun shugabannin sassa, ba sai an jira minista ba. Ɗalibi ba ya ɗaukar aikin da babu maki a kansa da muhimmanci, kuma ba laifinsa ba ne, haka muka koya masa. A ware biyar cikin ashirin na makin darasi ɗaya a kowane zango don wannan rubutu. A fara da darasi guda a sashe guda, da malamin da ya yarda da kansa, a duba sakamako bayan shekara. Ƙananan hukumomin Dogon Dutsi da Tibiri da ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin yankin su nemi gidajen rediyo su ba da rabin awa a mako, su kuma ajiye kwafin duk abin da aka rubuta kan garuruwansu a ofishin magajin gari da ɗakin karatu na lise, inda ɗan aji na ƙarshe zai gani ya san irin aikin da ke jiransa. Aikin farko kuma a ba da shi kafin a tafi dogon hutu, lokacin da yara za su koma gida su tarar da iyayensu a gona, don su dawo da shi a rubuce ranar da aka koma aji.